Ƙwaryar da Na Ɗaure a Kujerarsa

Yayana ne ya kawo kujerar, kwana biyu bayan sunan ɗana na fari. Kayan mota na Kwatano yake sayarwa a Katsina, kuma irin mutanen nan ne da in suka yarda da abu sai sun dami kowa da shi. Ya shigo gidanmu na Batsari ɗauke da ita a kafaɗa, baƙa mai ratsin toka, gefe ɗaya ya ɗan koɗe. Matan da ba su gama watsewa ba suka zagaye ta. Wata ta ce bahon wanka ne, wata ta ce a'a, na koya wa yaro zama ne, wata kuma ta ɗaga ta tana neman inda ake sa batir. Yayana bai kula su ba. Ko ruwa bai sha ba ya kira ni da maigidana waje, wurin tsohuwar motar da maigidan ke zuwa sakatariya da ita.

Nan ya tsayar da mu cikin rana ya yi mana karatu. Kujerar baya ake sa ta, ba a kai ta gaba. Tun yaro yana ƙarami ana juya ta ta kalli baya, sai wuyansa ya yi ƙwari sosai a juyo da shi. In an ɗaure shi, kada igiyar ta yi sako-sako, kuma kada a jibga masa kaya masu kauri a ƙarƙashinta. Sai ya kifa kujerar ya nuna mana ramuka hawa uku a bayanta, inda igiyoyin kafaɗa ke fitowa. Na ƙasa na jariri ne. In yaro ya ƙara tsawo sai a zare igiya a mayar na tsakiya, daga baya kuma na sama. Maigidana ya tambaye shi yaushe za a daina wannan wahala, ko in yaron ya yi wayo. Yayana ya kalle ni ya ce, "Kujera ba ta san wayo ba, tsawo da nauyi ta sani. Kuma ki riƙe wannan: ranar da mota ta tsaya da ƙarfi, babu hannun da zai iya riƙe yaro, ko na uwarsa ne." Na ce masa to, ina jego, ƙafata na ciwo, na matsu ya gama in koma ɗaki.

Dole in faɗi irin macen da nake, don abin da ya biyo baya ya fito daidai. Ni malamar firamare ce, kuma ban taɓa rasa baki ba. Na yi faɗa da hedimasta a gaban malamai, na mayar wa mahauci namansa a kan tebur don ya cika min ƙashi. A gidanmu na Safana tun ina yarinya ake cewa bakina ya fi ni girma. Amma da na haifi ɗan fari sai na shiga sahun da uwata da kakata suka bi, ba tare da kowa ya tilasta min ba. A wurinmu ɗan fari ɗan kunya ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi a gaban surukai sai ka kau da kai har wani ya ɗaga shi. In aka tambaye ni lafiyarsa sai in yi kamar ban ji ba. Ana yaba min a kan haka, ana cewa boko bai ɓata ni ba, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Saboda haka motar nan ta zama wurin da nake sakewa da shi. In za mu Katsina ko Safana mu uku, maigidana na tuƙi, ni ina baya kusa da kujerar. Da yake baya take kallo, fuskarsa na wajena. Nan nake kama yatsun ƙafarsa ina ƙirgawa, nan nake kiran sunansa a hankali, ƙarar inji ta rufe min asiri. Maigidana ya sani, amma bai taɓa ɗaga ido ya kalli madubi ba. Mutanen gari kuwa sun sami abin dariya. A shingen hanya sai a leƙo a ce, Malama, laifin me ya yi aka ɗaure shi haka? Wata maƙwabciyata ta ce ko ragon layya an fi sakar masa igiya. Duk wannan bai dame ni ba, don su ba surukaina ba ne, ina da amsar da zan ba su. Da yaron ya shekara na ga kafaɗarsa ta haura ramin ƙasa, na zauna a tsakar gida na mayar da igiyoyin ramin tsakiya da kaina, har na karya farce.

Surukata, wadda duk muke kira Inna, a Wagini take zaune a lokacin. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba muguwa ba ce. Mace ce mai kiwon awaki da yin daddawa, mai ƙarancin magana, wadda ta binne 'ya'ya huɗu ta raini biyar. Tana son yaron nan so na fitar hankali. Mijinta take kiransa, irin wasan kaka da jika, in ta zo sai ta ce ya tashi ya ba ta kuɗin cefane. Kujerar ce kawai ba ta so. Sau ɗaya ta taɓa faɗa, ba ma da ni take ba, da ɗanta take. Ta ce yaro da uwarsa da kakarsa a raye, a ɗaure shi cikin roba kamar wanda ba shi da kowa. Maigidana ya yi dariya ya ce zamani ne, aka bar maganar.

Da ya kusa shekara biyu aka sa ranar yaye. Inna ta zo Batsari don ta tafi da shi Wagini, kamar yadda ake yi. Sai ya zamana ranar ta haɗu da sunan ɗiyar ƙanwar maigidana a Safana, aka ce mu je suna gaba ɗaya, mu dawo da wuri, washegari Inna ta wuce da shi. Da safen ranar na ba shi nono na ƙarshe a ɗaki, na daɗe ban cire shi ba. Inna ta ba shi rubutun da aka karɓo wurin malam, ta shafa kansa ta ce daga yau ya zama namiji, ya bar sahun jarirai. Ta sa masa sabuwar riga da 'yar hula. Ta kuma zo da gumba da ta daka wa mai jego, cike da sabuwar ƙwarya, an rufe da faifai an ɗaure da ƙyalle.

Muka fito wurin mota. Inna ta shiga gaba, don nan ne wurin babba. Na ɗauko yaron zan zagaya da shi baya, sai ta miƙo hannu ta taga ta ce, "Kawo mijina nan. Wanga da aka yaye yau, mi za shi yi cikin abin jarirai?" Akwai mutane a ƙofar gida, ƙanin maigidana da wasu dattawa biyu da ke zaune a dakali. Na kalli maigidana, ya sunkuyar da kai yana neman makulli a aljihun da ya san babu. Maganar yayana ta faɗo min a rai tiryan-tiryan, har da yadda ya kalle ni. Kalmomin suna bakina, ba su fi biyar ba: Inna, a bar shi baya. Amma in na faɗa, na nuna a gaban dattawa cewa ina tsoro a kan ɗan fari, kuma na nuna ban yarda da hannun uwar mijina ba. Na miƙa mata shi. Ya tafi yana dariya, don bai taɓa zama gaba ba.

Saura ƙwaryar gumba. But ɗin mota ya cika da buhun gero da kayan barka, kuma aka ce in an ajiye ta a ƙasa za ta kife. Maigidana ya ce tunda kujerar ba kowa, in sa ta ciki. Na sa ta, ta zauna daram. Na jawo igiyoyin ta kan faifan, na haɗa, na danna har na ji ƙarar kamawa, na ja na tabbatar ba ta motsi, kamar yadda aka koya min. Inna ta waigo ta ce to ga shi kujerar ta yi amfani, aka yi dariya, har da ni.

Wanda bai san hanyoyinmu na waɗannan shekarun ba, ba zai gane yadda ake tuƙi a kansu ba. Akwai wuraren da in an iso hira ke mutuwa don tsoron 'yan bindiga, direba ya taka mota iya ƙarfinta, kowa ya zuba wa daji ido yana motsa baki. Ba a tsayawa fitsari, ba a tsayawa taimakon wanda tayarsa ta fashe. Lokacin damina ne, dawa ta yi tsawo har bakin kwalta, ba ka ganin abin da ke cikin gona. Ni dai ba daji nake kallo ba, ƙeyar yarona nake kallo. Ya miƙe tsaye a cinyar Inna, ya dafa gaban mota da hannu biyu, yana nuna shanu. Sau ɗaya Inna ta waigo ta dube ni. Sau biyu na buɗe baki. Na farko na ce a raina bari mu wuce wannan kwanar. Na biyu na ce ai saura kaɗan mu isa, in za mu dawo zan san dabarar da zan yi.

Babur ne ya fito daga cikin dawa, da mutum uku a kai, na tsakiya ya rungume wani dogon abu a buhu. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da zuciya ke fara kawowa in an ga haka. Maigidana ya yi salati, ya murɗe sitiyari, ya taka birki lokaci guda. Motar ta sauka daga kwalta ta daki bakin kwalbati ta tsaya. Ba ta juya ba, ba ta kama wuta ba. Daga baya waɗanda suka ga motar suka ce ai ba wani babban haɗari ba ne. Mutanen kan babur ɗin manoma ne, abin da ke cikin buhun kuwa galma ce da suka karɓo daga maƙera. Su ne ma suka ɓalle mana ƙofa.

Na bugi bayan kujerar gaba, leɓena ya fashe. Maigidana ya karye a ƙashin kafaɗa. Inna ta karye a wuyan hannun dama, kuma hannayenta biyu suna nan a haɗe a ƙirjinta, a yadda ta riƙe shi, sai dai babu kowa a ciki. Yaron yana ƙasa wajen ƙafafunta. Gilashin gaba ya tsage a wuri ɗaya. Ba jini mai yawa, ɗan kaɗan ne a kunne, hularsa ma ba ta yi nisa ba. Na ɗauke shi ina kiran sunansa da ƙarfi, a gaban Inna, a gaban maigidana, a gaban baƙin maza uku. Wannan ne karo na farko da wani ya ji sunan daga bakina, shi kuma bai ji ba. Wata motar haya ta yi ƙarfin hali ta tsaya ta kwashe mu. Yana numfashi har muka wuce rabin hanyar Katsina, daga nan ya daina.

Washegari ƙanin maigidana ya je ya jawo motar, ya shigo da kayan da ke ciki. Ya rasa yadda ake kwance igiyar, sai ya ciro kujerar yaron ɗungurungum ya ajiye a tsakar gida, a tsakiyar masu zaman makoki. Ƙwaryar na nan a ɗaure. Ba ta tsage ba, faifan bai goce ba, ko ƙwayar gumba ɗaya ba ta zube ba. Wata tsohuwa ta ce ikon Allah. Na tashi na shiga banɗaki na yi amai.

Mutane sun yi min ta'aziyya yadda ya kamata. An ce kwanansa ne ya ƙare, an ce Allah ya sa mai ceto ne, an ce ina da ƙuruciya. Na yarda kwanansa ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, a cikin makokin ma ana yaba min. Ana cewa dubi yadda ta daure, ba ta zubar da hawaye a gaban surukai ba. Na ji kamar in tashi in mari mai faɗa. Haushin kowa nake ji, na maigidana da ya nemi makulli, na dattawan dakali, na Inna, amma duk in na zagaya sai in dawo kan kaina, don ni kaɗai aka kalla aka gaya wa. Yayana ya zo ta'aziyya, bai tambaye ni komai ba. Ya ga kujerar, ya ga ƙwaryar da ba wanda ya iya taɓawa, ya durƙusa ya kwance ta ya miƙa wa wata mata. Da zai tafi ya ce kujerar da ta yi haɗari ba a sake sa yaro a ciki, in jefar. Ban jefar ba, na ɗora ta a kan sif a ɗakina.

Ni da Inna ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ina gaishe ta a durƙushe, tana amsawa, ina aika mata sabulu da atamfar salla. Hannunta ya ɗoru a karkace, don ɗorin gida aka yi mata. Bayan shekara uku na haifi mace, yayana ya sake kawo wata kujerar, wannan karon bai yi min karatu ba. A kan wannan yarinyar na zama abin kwatance a dangi. Na hana ƙanwar maigidana ɗaukarta a cinya, na sauke wani kawunsa daga mota don wuri bai isa ba kuma na ƙi cire kujera. An kai ƙarata Safana wurin mahaifina, an ce ba ni da kunya. Na ce a gaya musu gaskiya ne, na yi kunyar a baya, na ga abin da ta saya min.

Da zama ya gagara a ƙauyuka, maigidana ya ɗauko Inna ta dawo wurinmu, ba awaki, ba tukwanen daddawa, sai ƙullin kaya ɗaya. Tana wasa da yarinyar, tana yi mata tatsuniya, amma na lura ba ta taɓa ɗora ta a cinya ba, ko a kan tabarma. In za mu asibiti sai Inna ta ce ita baya za ta zauna, wai gaba na sa ta jiri. Ta zauna a gefen kujerar ta haɗa hannayenta har mu isa.

Wata Asabar da hantsi na ga kafaɗar yarinyar ta wuce ramin tsakiya. Na ciro kujerar na kife ta a tsakar gida, ina fama da igiyoyin. Inna na zaune a inuwa tana tsince wake da hannun hagu. Ta tambaye ni me nake yi, na gaya mata yarinya ta girma, za a mayar da igiya hawa na uku. Sai ta ce, "Shi a na nawa ya tsaya?" Na ce na biyu. Ban ɗago ba.

Ta ture faifan waken gefe. Ta ce, "Ɗiyata, akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba. Ran nan, tun kahin mu bar gari hannuna ya gaji. Yaron ya yi nauyi, shina ta zillo, na san ba ni iya riƙe shi. Na so in ce a tsaya a maida shi wurinshi. Sai na ji kunya a ce kaka ta gaji da jikanta ranar yaye, bayan ni na ce a kawo shi. Ina ta jira ki yi magana. Na ce yarinyar ga mai baki ce, yanzu za ta ce a ba ta ɗanta, in samu in miƙa. Har na waigo sau ɗaya na dube ki."

Na tuna waigowar. Shekara bakwai ina ɗauka harara ce, ina ɗauka cewa take in kuskura in yi magana. Na zauna daɓas a ƙasa da igiya a hannu. Na so in yi mata ihu, na so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Mu biyu a mota ɗaya, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai kamu uku ba, kowace na jiran ɗaya ta fara yin rashin kunya. Da ɗayarmu ta yi, da yanzu yana aji huɗu, wataƙila ma a ajina.

Na ce mata, "Inna, riƙe min nan." Ta matso ta danne kujerar da hannunta mai lafiya, na zura igiyar a ramin sama, na ja har ta fito. Muka kira yarinyar muka gwada ta, ta yi daidai. Tsohuwar kujerar tana nan a kan sif har yau, ina sauko da ita in goge ƙura in mayar. Igiyoyinta suna ramin tsakiya, a faɗin ƙwaryar, don ban taɓa rage su ba.